Gwal Ɗina Nawa Zai Yi? Amsoshin Tambayoyinku kan Kimanta Kayan Ado

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda ake yi wa gwal da sauran kayan ado kuɗi, da kuma wanda ya kamata a yarda da bakinsa. Dalilin a fili yake. A watan Agustan 2020 oza ɗaya (kusan giram 31.1) na zinari ya haura dala 2,000, a Maris ɗin 2025 ya haura 3,000, a Oktoban 2025 ya wuce 4,000, ga kuma faɗuwar naira tun daga Yunin 2023. Sarƙar da aka sa a lefe shekara goma da suka wuce yau ta zama dukiyar da ake zaman gado a kanta. A duk lissafin da ke ƙasa mun ɗauka giram ɗaya na tsantsar zinari naira 100,000 ne. Wannan don sauƙin lissafi ne kawai, kowa ya sa farashin ranar da yake ciki.

Na sayo saitin sarƙa da 'yan kunne a Dubai, karat 21, giram 40, da rasit ɗina a hannu. Ko wata biyu ba a yi ba buƙata ta taso na kai kasuwa, sai aka taya min ƙasa sosai da abin da na biya, alhali gwal bai sauka ba. An cuce ni ne a can, ko a nan ake so a cuce ni? (Wata uwargida daga Zariya)

Hajiya, mai yiwuwa babu wanda ya cuce ki, a can ko a nan. Kuɗin da ke rasit ɗinki abu huɗu ne aka haɗa wuri ɗaya: kuɗin zinarin da ke cikin kayan, kuɗin ƙira, nauyin duwatsun kwalliya idan akwai, sai haraji. Mai saye a kasuwa guda ɗaya kawai yake biya, wato zinarin.

Bari mu buɗe lissafin. Karat 21 na nufin a cikin kashi 1,000 na nauyin kayan, 875 zinari ne, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da ake haɗawa don ya yi ƙwari. Giram ɗinsa ke nan naira 87,500. Giram 40 sun kama 3,500,000. A ce an caje ki kuɗin ƙira 10,000 a kowane giram, 400,000 ke nan, ya zama 3,900,000. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana karɓar harajin kaya na kashi 5 cikin 100 tun Janairun 2018, ƙarin 195,000. Kin biya 4,095,000. Yanzu ki juyo wajen sayarwa. Idan duwatsun da ke jikin sarƙar sun kai giram 3, mai saye zai cire su daga awo, saura giram 37. A ninka da 0.875, tsantsar zinarin ya zama giram 32.375, kuɗinsa 3,237,500, tun kafin ya cire ribarsa. Fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da kika biya ya tafi ke nan a ranar da kika fito daga shagon. Da a Saudiyya kika saya giɓin zai fi haka, domin harajinsu kashi 15 ne tun Yulin 2020.

A nan ne mutane suke rikicewa, domin kaya ɗaya yana da ƙima fiye da ɗaya a rana guda, kuma kowacce gaskiya ce a muhallinta. Akwai kuɗin da za a kashe a sayo sabo irinsa, shi ne mafi tsada, shi kamfanin inshora yake nema. Akwai kuɗin da zai yi tsakanin mai sayarwa da ba a matse take ba da mai saye da ke son sa ta sa a wuyanta, wannan yana tsakiya. Akwai kuma kuɗin narkawa, wanda ɗan kasuwa ke biya yau-yau, shi ne mafi ƙasa. Duk mai kimantawar da ya faɗi adadi bai tambaye ki me za ki yi da shi ba, bai fara aikin ba tukuna.

Abin da za ki yi: ki duba farashin oza na ranar (a Landan ake tsayar da shi sau biyu kowace ranar aiki, kuma yana nan a intanet), ki raba da 31.1 ki sami kuɗin giram a dala, ki ninka da canjin ranar, sannan ki ninka da 0.875 da nauyin kayan ba duwatsu. Da wannan adadin a zuciyarki ki shiga shago uku. Wanda ya taya kusa da shi ki sallama, wanda ya yi nisa ki ce albarka. Idan kuma ƙirar ta yayi ce kuma ba a matse kike ba, ki nemi wadda za ta saya don sawa, ita ce kaɗai za ta biya ki wani abu daga kuɗin ƙira.

An buga 916 a cikin awarwarona. Shin wannan bai isa shaida ba? Kuma wane irin gwaji ne ba zai lalata kaya ba? (Wata malamar makaranta daga Katsina)

Malama, lambar tana faɗin abin da maƙerin ya ce ya yi ne: 916 karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. Ƙarfen buga lambar kuwa kowa zai iya saye. Inda lamba take da nauyi shi ne ƙasar da wata hukuma dabam da maƙerin take gwadawa ta buga nata tambarin. A Birtaniya ofisoshi huɗu ne ke wannan aiki, a Landan, Bamingam, Shefil da Edinbara, ƙarƙashin dokar 1973. Indiya ta wajabta tambarin hukumarta a 2021, tare da wata lamba mai harafi shida da ake iya bincikawa. Kayan da ba su da irin wannan tambari, gwaji ne kawai ke raba gardama a kansu.

Mai gwajin kirki da ido yake farawa. Zai sa madubin ƙara girma ya duba wuraren da kaya ke gogar jiki: bakin maƙalin sarƙa, cikin zobe, gefen awarwaro. Idan ruwan gwal aka yi wa kayan, a nan yake fara koɗewa, wani jan ƙarfe ko fari ya leƙo daga ƙasa. Sai maganaɗisu. Zinari ba ya bin sa, amma tagulla ma ba ta bi, don haka wucewa wannan gwajin ba ya tabbatar da komai, faɗuwa ce kawai take da ma'ana. Kada ki tsorata idan maƙalin sarƙa ya ɗan motsa, akwai ɗan siririn ƙarfe a cikinsa da ke sa shi rufewa.

Daga nan sai dutse da asid, gwajin da aka fi yi a kasuwanninmu. Ana goga kayan a kan baƙin dutse har ya bar layi mai ruwan ɗorawa, a goga wani ƙarfen gwaji da aka san karat ɗinsa a gefensa, a ɗiga asid a kan layukan biyu lokaci ɗaya. Layin tagulla yakan yi kumfa kore-kore ya ɓace nan take. Na ƙaramin karat ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa. Na karat 18 zuwa sama yana nan daram sai an kawo asid mai ƙarfi da aka tanada dominsa. Abu uku ke ɓata wannan gwajin. Guga ta sama-sama a kan kayan da aka yi wa ruwa mai kauri za ta nuna zinari, shi ya sa ake maimaita guga a wuri ɗaya har a kai ciki. Asid da ya daɗe a kwalba ƙarfinsa na raguwa, sai ƙaramin karat ya yi kamar babba. Na uku, dutse ba ya iya raba 21 da 22 da tabbaci, ko a hannun gwani. Duk wanda zai yi wa kayanki ɗan yanka da zarto don ya ga ciki, sai da izininki, kuma a wurin da ba ya nunawa.

Na'urar haske da wasu manyan shaguna ke da ita tana fitar da kason zinari, azurfa da jan ƙarfe a rubuce cikin ƙasa da minti ɗaya, ba tare da ta taɓa kayan ba. Iyakarta ita ce fatar sama take karantawa, kaurin da bai kai silin gashi ba. Awarwaron da aka cika cikinsa da waya ko ƙaro zai wuce ta lafiya lau. Don haka a sa ta karanta wuri uku aƙalla, har da wurin liƙi, inda maƙera kan sa ƙaramin karat.

Abin da ke kama cikon ciki shi ne awon ruwa, kuma za ki iya yi a gida idan kina da sikeli mai nuna 0.01. Ki auna awarwaron a bushe, a ce giram 34. Ki ɗora kofin ruwa a kan sikelin ki mayar da shi sifili. Ki ɗaura awarwaron da zare ki nutsar da shi gaba ɗaya, kada ya taɓa gindi ko gefe, ki girgiza kumfar da ta maƙale. Ki raba nauyin farko da abin da sikelin ya nuna. Idan ya nuna 2.0, amsar 17 ce, daidai da karat 21. Tsantsa yana ba da 19.3, karat 22 kusan 17.8, karat 18 kusan 15.5, tagulla wajen 8.5. Wannan gwajin ba ya aiki a kan kaya mai rami a ciki ko mai duwatsu, kuma a kan ƙaramin zobe kuskuren awo kaɗan yana sauya amsar. Gwajin da ya fi kowanne tabbaci shi ne a yanki ɗan guntu a narka, amma sai kaya mai yawa ko shari'a ake kai wa nan.

Mahaifiyarmu ta rasu ta bar gwala-gwalai. Magada su ne mahaifinmu, ni, da ƙannena mata biyu, iyayenta sun riga ta. Wata gwaggonmu ta ce a raba wa matan kawai, kowacce ta ɗauki saiti. Wani kawunmu kuma ya ce akwai abokinsa mai shago da zai yi musu kuɗi ya saye duka. Yaya ya kamata mu yi? (Wani magidanci daga Gusau)

Allah Ya jiƙanta da rahama, Malam. Maganar gwaggo al'ada ce da ta yaɗu, amma gwal dukiya ne kamar gona da kuɗin banki, duk magada suna da haƙƙi a ciki. Idan kai da Baba kuna son bar wa matan, sai an fara sanin rabon kowa, sannan mai kyauta ya yi kyautarsa da saninsa.

Rabon saiti-saiti ma yana da tarko. Ka ɗauki saiti uku, kowanne giram 50. Na karat 18 tsantsarsa giram 37.5, na karat 21 giram 43.75, na karat 22 giram 45.8. A ido da sikeli duk ɗaya suke, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai giram 8.3, naira 830,000 a lissafinmu. Sau da yawa ma na karat 18 ɗin ya fi ƙyalli da kyan ƙira, sai ƙaramar yarinya ta zaɓe shi tana murna.

Ga tsarin da muke ba da shawara. A buɗe kayan a gaban dukkan magada ko wakilansu, a ba kowane abu lamba, a ɗauki hotonsa a kan sikeli yadda adadin zai fito a hoton. A ware abin da aka san aro ne ko ajiyar wata, domin mata suna yawan ba juna ajiya ba tare da rubutu ba. A kai wa masu gwaji biyu da ba su da alaƙa da juna, kada a faɗa wa na biyu abin da na farko ya ce. Kowanne ya rubuta nauyi, karat da nauyin duwatsu na kowane abu. A mayar da komai zuwa giram na tsantsa, a yi rabon a kan giram ɗin. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, a ce saura giram 160: Baba yana da rubu'i, giram 40. Saura 120 a kasa huɗu, kai 60, kowace ƙanwa 30. Amfanin rabo da giram shi ne ko an yi wata shida ana jan ƙafa, farashi ya hau ko ya sauka, kason kowa bai motsa ba. Idan aka rubuta naira kawai, wanda aka biya a watan farko da wanda aka biya a wata na shida ba abu ɗaya suka karɓa ba.

Idan ɗaya daga cikin ƙannenka tana son riƙe sarƙar da ta fi kasonta, don tunawa da Mama, ta cika wa sauran da farashin ranar da za a yi cikon, a kuma biya a zaman. Malamin da ke raba muku gadon ko alƙali ya tsaya a kan wannan, musamman idan akwai wanda bai balaga ba, domin babu mai ikon yafe haƙƙin maraya a madadinsa.

Abokin kawu kuwa, ku karanta amsa ta gaba.

Ni ɗan kasuwa ne a layin 'yan gwal. Mutane suna kawo min kaya in duba musu kyauta, in faɗa musu kuɗinsa, wani lokaci in saya. Wani ya ce min wannan bai dace ba. Ina laifin? (Wani Alhaji daga Kano)

Alhaji, babu laifi a saye, babu laifi a dubawa. Matsalar tana wajen haɗa su a zama ɗaya ba tare da mai kayan ya san a wane matsayi kake magana ba. Lokacin da mace ta ce maka "duba min nawa zai yi", shaida take nema, ta ɗauke ka amintacce. Lokacin da ka ce "zan ba ki kaza", tayi kake yi, kuma kowane ɗan kasuwa yana da damar taya ƙasa. Idan ka faɗi tayinka da muryar shaida, ta sallama don ta yarda da kai, ribar da ka ci daga amanarta ka ci, ba daga ciniki ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai algus, cewa ba ya cikinmu, a kan mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa aka faɗe shi, kuma kiran karat 21 da sunan 18 ɓoyewa ce irin wannan.

Gyaran ba shi da wuya. Ka raba maganarka gida biyu a fili: "Hajiya, giram kaza ne, karat kaza, tsantsarsa a farashin yau kaza. Ni idan zan saya kaza zan biya, bambancin shi ne ribata. Ki zagaya ki ji na wasu." Sikeli ya fuskanci mai kaya, ta ga sifili kafin a ɗora, a kashe fanka domin iska tana motsa sikeli mai 0.01. Ka ajiye dutsen awo na giram 50 ko 100 kana gwada sikelinka kowace safiya. Kuskuren giram 0.2 a kowane awo ba ya ganuwa, amma naira 20,000 ce a lissafinmu, kuma Suratul Muɗaffifina ba ta ware ƙaramin tauyewa ba. Kada kaya ya shiga bayan kanta ko ɗakin ciki ba mai shi.

A aikin gado, rabuwar aure, jingina ko shari'a, mu a ganinmu wanda ya kimanta kada ya saya ko kaɗan, ko da shi ya fi kowa tayi. Ya karɓi ladan aikinsa ya tsaya a nan. Ladan kuma ya zama tsayayye, a kan kowane abu ko a kan lokacin da aka ɓata, a yanke shi kafin a fara. Idan aka ce ladan kashi kaza ne na ƙimar da za ta fito, an ba mai kimantawa dalilin kumbura adadi. Kyauta ma ba ta fi ba, domin wanda ya duba kyauta yawanci a wajen saye yake fanshewa.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Wanda ya auna gwal ɗin gida ya san abin da ke cikin gidan, kuma a halin tsaron da ake ciki, hira ɗaya a majalisa tana iya jawo wa mutane masifa. Bakinka ya zama a rufe, har ga mijin mai kayan idan ba ita ta ce a faɗa masa ba. Na biyu, yaro ko 'yar aiki da ta zo da sarƙa mai nauyi ba rasit, tana son kuɗi da sauri ko nawa ne, kada ka auna ka saya ka ce ba ruwanka. Ka nemi mai kayan ya zo da kansa.

Ina so in ba da gwal ɗin matata jingina in karɓi bashi. Mai shagon da muka saba da shi ya ce zai rubuta min takarda da kuɗi sama da na gaskiya don a ba ni da yawa. Tunda zan biya bashin, akwai matsala? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Akwai, Malam. Takardar shaidar zur ce, ko ka biya ko ba ka biya ba, domin mai ba da bashin a kanta ya dogara ya fitar da kuɗinsa. Kuma kai ma tana iya juyowa kanka: ranar da aka sake gwadawa aka ga bambanci, zargin farko shi ne an musanya kayan, ko kai ko mai ajiyar. Kafin komai ma, gwal ɗin nata ne, sai da yardarta a fili.

Takardar da za ta kare ku duka ga abin da za ta ƙunsa: ranar da aka yi ta, dalilin yin ta (jingina), hoton kowane abu, nauyinsa zuwa 0.01, karat da hanyar da aka bi aka gano shi, nauyin duwatsu dabam, duk wani karaya ko gyara, farashin giram na ranar da inda aka samo shi, sai suna da sa hannun mai kimantawa tare da furucin cewa ba shi da rabo a cinikin. A sa kayan a jaka a liƙe, ku biyu ku sa hannu a kan liƙin. Ku kuma rubuta tun yanzu cewa idan aka kasa biya, a farashin ranar sayarwa za a sayar, a cire bashin, a mayar da ragowar. Rigimar jingina mafi yawa daga nan take tasowa, mai bashi ya riƙe kaya gaba ɗaya alhali kuɗin kayan ya ninka bashin.

Da wane kuɗi zan lissafa zakkar gwal ɗina, da na saye ko na yanzu? (Wata 'yar kasuwa daga Kaduna)

Da na ranar da za ki fitar, Hajiya, kuma nauyin zinarin ake dubawa, kuɗin ƙira da duwatsun kwalliya ba sa shiga. Nisabi dinari 20 ne, wanda mafi yawan malaman zamani suka ƙiyasta da giram 85. Idan aka bi lissafin tsantsa, karat 21 sai ya kai kusan giram 97 kafin ya cika nisabi, karat 18 kuma kusan 113. Mai giram 120 na karat 21 tana da tsantsa giram 105, za ta fitar da kashi 2.5 cikin 100, wato giram 2.625 ko kuɗinsa, idan shekara ta zagayo.

Sai dai a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace take sawa ba a fitar masa da zakka, Hanafiyya kuma suna wajabtawa. Wanda aka saya don ajiyar dukiya, a sayar ranar buƙata, wannan ko a Malikiyya akwai zakka a kansa, kuma ana haɗa shi da kuɗin da ke hannu wajen cika nisabi. Aikin mai awo ya ba ki giram da karat na gaskiya. Wanne ne na sawa, wanne ne na ajiya, ke kika san niyyarki, sai ki kai wa malaminki.

Idan na kai tsohuwar sarƙa a ba ni sabuwa in yi ciko, me zan lura da shi? (Wata amarya daga Bauci)

A musaya ake ɓoye asara mafi yawa, domin adadi ɗaya kawai ake faɗa miki, wato cikon. Ba ki san nawa aka yi wa tsohuwar ba, ba ki san nawa aka sa wa sabuwar ba, kuma ba a cinikin biri a sama. Ki raba shi ciniki biyu: a auna tsohuwar, a taya, ki karɓi kuɗinki a hannu, sannan ki yi cinikin sabuwa, a nan ko a wani shagon. Wannan ne kuma ya fitar da ke daga matsalar riba, tunda hadisin Ubada ɗan Samit ya shardanta zinari da zinari su zama daidai da daidai, hannu da hannu. Game da duwatsu, akwai hadisin Fadala ɗan Ubaidu a Muslim: ya sayi abin wuya mai zinari da duwatsu a kan dinari 12 a ranar Haibara, da ya rarrabe sai ya tarar zinarin ya fi dinari 12, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar da irinsa sai an rarrabe. A rasit ɗin sabuwar ki sa a rubuta nauyin duwatsu dabam da na zinari.

Mijina ya kawo min zoben lu'ulu'u da takardar da ta nuna kuɗi mai yawa. Masu gwal sun ce zinarin kawai za su biya. Dutsen na jabu ne? (Wata mai karatu daga Abuja)

Ba lallai ba ne. Yawancin 'yan gwal ba su da kayan gwada daimon (lu'ulu'u), kuma ba su da wanda za su sayar wa, shi ya sa ba sa taya shi. Ki kuma bambanta takarda biyu. Akwai ta ɗakin gwaji, irin ta cibiyar GIA ta Amurka, wadda ke faɗin nauyi (karat ɗin dutse giram 0.2 ne, ba shi da alaƙa da karat ɗin zinari), launi, tsabta da kyan yanka, ba ta faɗin kuɗi. Akwai kuma wadda shagon da ya sayar ya rubuta, mai ɗauke da adadin da sau da yawa ya fi abin da aka biya, don mai saye ya ji ya yi arha. Ta biyun ba ta da amfani wajen sayarwa.

Idan taki ta farko ce, ki duba lambarta a shafin cibiyar, ki sa a duba ko an zana lambar a gefen dutsen. Ƙaramar na'urar da ake dangwalawa a kan dutse tana iya ɗaukar wani dutse mai suna moisanait a matsayin daimon, kuma ba ta raba na ƙasa da wanda aka haɗa a masana'anta, alhali na masana'anta ya fi arha nesa ba kusa ba. Ko na ƙasa ne na gaske, ki sa a ranki cewa kuɗin sayarwa zai yi ƙasa sosai da na saye.

A kayan kakarmu mun sami tsohon kuɗin azurfa mai hoton mace da shekarar 1780. Wani ya ce zai yi miliyoyi. (Wani ɗalibi daga Damagaram)

Liyari ne, kuɗin Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, maƙeran fari kuma suka riƙa narka shi suna ƙera mundaye da zobba. Shekarar ba ta nuna tsufansa, domin tun bayan rasuwarta a 1780 duk wanda aka sake bugawa wannan shekarar ake sa masa, kuma an buga su da yawan gaske har cikin ƙarni na 20. Na gaske yana da nauyin giram 28 da ɗan kai, azurfarsa 833 cikin 1,000, wato tsantsa kusan giram 23.4. Mafi yawansu kuɗinsu bai wuce na azurfar da ɗan ƙari ba. Ka auna shi tukuna, idan ya gaza giram 27 sosai ko ya bi maganaɗisu, akwai shakka. Kada ka goge shi da toka ko omo, kada ka bari a ɗiga masa asid a fuska, domin idan ya zama cikin tsofaffin bugu da masu tara tsoffin kuɗi ke nema, gugar tana rage masa kuɗi. Wanda aka huda ko aka liƙa wa mariƙi don ratayawa, a farashin azurfa ake sayensa.